Baƙo Ba Ya Ɗaukar Ƙasa

"Sauke kwandon nan," na ce masa. "Don Allah sauke."

Bai sauke ba. Yana durƙushe a tsakiyar hanyar da ta haura zuwa gidajenmu, gwiwa ɗaya a kan dutse, hannu biyu ƙanƙame da bakin kwandon da ke kansa. Numfashinsa yana fita da ƙara kamar zugazugin maƙera da ya huje. Sai da na ajiye gudumata, na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan na karɓa. Baƙar ƙasa ce cike da shi, mai danshi, mai nauyi.

"Ka sake karɓe mini," ya ce. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Magini, kai dai ba ka gajiya da karɓe mini kwando."

Maƙwabcina ne. Katanga ɗaya ta raba mu, ni na gina ta. Shekara goma sha tara ke nan da ya hauro dutsen nan da akwatin katako a ka, cike da basilla da zare da guntayen tsohuwar taya, ya kama gyaran takalmi a gindin bangon shago. Hanyarmu tana cin takalmi, don haka babu ƙafar da bai san awonta ba a garin. Baƙo muka ce masa ranar da ya zo. Yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure, su ma Baƙo suke ce masa.

Na goya shi a baya, na kai shi ɗakinsa. Bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Ina ajiye shi a kan tabarma ya ce, "Ƙasar fa? Kada ka bar ta a hanya, awaki za su watsar."

Na koma na ɗauko.

Wanda bai taɓa zama a kan dutse ba ba zai gane abin da ƙasa take a wurinmu ba. Dutse kam ko'ina ka taka shi ne. Ƙasa ce ba mu da ita. Ka kafa fartanya, kafin ta nutse ta yi ƙara. Gonakinmu hawa-hawa suke, kowacce da katangarta, kuma duk abin da ke cikinsu a kai aka hauro da shi. Makabartarmu ma haka take: doguwar katanga ce da kakanninmu suka gina, suka cika ta da jar ƙasa daga gangaren yamma. Duk shekara bayan girbi maza suna sauka da kwanduna, a yini ana ƙara mata. Gidan da ya ɗauki ƙasa yana da wurin kwanciya a ciki. Wanda ya zo wucewa ajali ya cim masa, sai a ɗauke shi a kafaɗa a saukar da shi wurin danginsa, da girmamawa.

Shekararsa ta farko, Baƙo ya fito ranar aikin da sabon kwando. Ni na tare shi a bakin hanya.

"Haba! Ina za ka? Baƙo ba ya ɗaukar ƙasa. Zauna a inuwa."

Na karɓe kwandon, aka shimfiɗa masa tabarma, mata suka kawo masa ruwa. Mun ji daɗin kanmu ranar. Shekara ta biyu ya sake fitowa, aka sake zaunar da shi. Ta uku, ta huɗu. Ban taɓa jin wani ya ɗaga masa murya ba. A ta biyar bai fito ba, mu kuma ba mu tambaya ba.

Daga nan ne ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk ranar da ya sauka kasuwar kwari sayen zare da taya, sai ya hauro da kwandon baƙar ƙasa ya juye a bayan ɗakinsa. Mai shago ya ce shinkafa Baƙo zai noma mana a kan dutse, a tanadi tukwane. Da tarin ƙasar ya fara zubewa ya roƙe ni in kewaye masa shi da duwatsu. Shi ya ja layin da sanda, ni na bi na gina. Ban taɓa ganin ya shuka ko barkono ɗaya a ciki ba.

Matata ta shigo da ruwan zafi da tsumma, ta durƙusa tana goge masa fuska.

"Baban yara, mutumin nan jikinsa wuta ne. A saukar da shi asibiti."

"Kada ku saukar da ni," in ji shi.

"Ikon Allah. To mu zuba maka ido?"

"Yaya, idan na sauka ba zan hauro ba. Ba za a hauro da ni ba." Yaya yake ce mata, alhali ya girme ta da shekara goma. "Wa kika taɓa gani an hauro da gawarsa nan?"

Ta dube ni, na dubi bango. Takalman mutane suna rataye a kan ƙusoshi, kowanne an ɗaure ƙafa biyunsa da zare. Ban da su sai akwatin nan, buta, da wani gwangwanin madara a kan taga.

Da ta fita ya yafito ni. A shekara goma sha tara, ranar ne ya fara gaya mini daga inda ya fito, ni kuwa ban taɓa tambaya ba. A wurinmu tambayar baƙo asalinsa kamar korarsa ne. Garinsu a bakin kogi yake. Aka zo aka gina madatsar ruwa, aka kwashe su a motoci, kowa ya kama gabansa. Uwarsa da matarsa da 'yarsa ƙarama duk a can aka binne su tun kafin a tashe su.

"Na koma sau ɗaya," ya ce. "Mai kwalekwale ya kai ni tsakiyar ruwa ya ce nan ne makabartarku. Na leƙa. Fuskata na gani." Ya tara numfashi. "Sai na ce zan nemi wurin da ya fi ko'ina tudu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na zo da kwando, Magini. Sau huɗu. Me kuma zan faɗa?"

Na fita bayan ɗakin na tsaya a kan katangar da na gina. Tsawonta kamu biyar, faɗinta biyu da rabi. Shekara arba'in ina awo, na gina wa mutane ɗaki da rumbu da turken awaki, amma aka ja mini wannan layin a gabana ban gane awon me nake bi ba.

Washegari da hantsi Mai unguwa ya zo dubiya, Mai shago yana biye da shi da ledar lemo.

"Baƙo, tashi mana!" in ji Mai shago. "Ka kwanta ka bar mu da ƙafa a ƙasa? Dubi nawa, bakinsa a buɗe kamar yana bin ni gaisuwa."

"Ai ba laifin takalmin ba ne," in ji Baƙo a hankali. "Kayan da yake ɗauka ne sun yi yawa."

Mai shago ya shafa tumbinsa, aka yi dariya. Mai unguwa ya yi addu'a mai tsawo. Ya ce duk abin da ake buƙata a aika gidansa, baƙonmu ba zai wulaƙanta ba muna raye. Da gaske yake yi. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau: duk da gaske muke yi.

Na raka shi waje, na ce, "Ranka ya daɗe, idan ta Allah ta kasance, a ba shi wuri a cikin makabarta."

Ya tsaya. "Gidansa ya ɗauki ƙasa?"

"Mu muka hana shi."

"Mun girmama shi dai."

"Ni na karɓe kwandon da hannuna."

"To ka yi daidai. Da ka bar baƙo ya ɗauki ƙasa muna kallo, da wane ido za a dube mu?" Ya rage murya. "Magini, kai ne mai gyaran katangar nan, ka san abin da ya rage a ciki. Kuma ka ga mutanen birnin nan da suka fara sayen gidaje a gefen gabas, masu zuwa shan iska. Idan na buɗe wa ɗaya yau, gobe da wane baki zan hana su? Za mu saukar da shi a kafaɗa. Ni zan fara kama makarar."

"A saukar da shi wurin wa? Danginsa suna ƙarƙashin ruwa."

Ya daɗe yana kallon sandarsa. "Ba ni na kafa ba," ya ce. "Haka na tarar." Ya juya zai tafi, sai ya hangi tarin ƙasar a bayan ɗaki. Ya kalle shi, ya kalle ni. Ya riga ni ganewa da shekaru, na gani a fuskarsa. "Wancan tasa ce. Ba wanda zai hana mutum ƙasarsa."

Da na koma ciki Baƙo bai tambaye ni yadda muka yi ba. Ya sa matata ta miƙo masa takalmin da Mai shago ya bari, yana ƙoƙarin zura zare.

"Ya ce a'a," na ce.

"Na sani. Da kyakkyawar murya ya faɗa, ko?"

"Da kyakkyawar murya."

"Mutanen kirki ne ku," ya ce. Na saurara in ji ko da ba'a a ciki. Ban ji ba, kuma har yau ban tabbata ba. "Riƙe mini nan in ɗaure."

Kwana uku ya yi. A rana ta huɗu, hantsi ya fito har ta taɓa bakin taga, matata ta shiga da ruwan zafi. Na ji ƙarar kwanon a ƙasa, sannan salatinta. Yana kwance ta gefen dama, fuskarsa ga bango. Takalmin Mai shago yana kusa da kansa, an gama ɗinkin, zaren ne kawai ba a yanke ba.

Gari duka ya fito. Mai unguwa ya aiko da likkafani, yadi mai kyau wanda ya ajiye wa kansa. Da aka jera sahu a fili na sunkuyar da kai, sai na ga ƙafafun da aka zare daga takalma, da takalman a bayanmu birjik, duk da tafin taya, duk ɗinkin hannu ɗaya.

Bayan an sallame, Liman ya waiwayo zai yi addu'a. "Mene ne sunan mamacin?"

Wani ya ce, "Baƙo mana." Liman ya ce ya sani, sunan yanka yake tambaya. Aka dubi Mai unguwa, ya dubi Mai shago, wanda a gindin bangonsa mutumin ya zauna shekara goma sha tara. Daga ƙarshe duk suka dube ni.

Na shiga ɗakin na buɗe gwangwanin madarar. Akwai wani tsohon kati mai hoto, da ɗan kunne guda na yarinya. Ni karatuna a jikin buhunan siminti na koya, sai da na haɗa baƙaƙen sau biyu. Na fito na faɗi sunan da ƙarfi, da na mahaifinsa. Wasu daga sahun baya suka waiwaya, suna neman wanda ake kira.

Ni da Mai shago muka haƙa. Ƙasar tana da laushi, ba ta ba mu wahala ba, amma ramin bai wuce cinya ba shebur ya yi ƙara. Mun kai dutse. Muka sa shi, na jera faffaɗan duwatsu a kansa, muka mayar da ƙasa. Ba ta kai yadda ake so ba. Kan wani dutsen yana leƙowa ta wajen ƙafa.

"Wannan ruwan farko zai buɗe shi," in ji Liman. "Ga karnuka."

Mutane suna tsaye a bayan katanga. Makabarta tana nan sama da mu, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba, cike da ƙasa. Ba wanda ya dubi wajen.

Mai shago ya share gumi ya ce, "Saura kamar kwando goma. Da ya ƙara wata uku..." Bai ƙarasa ba.

Matata ce ta ratsa maza ta shiga ɗakin, ta fito da kwandonsa. Ta zagaya gidanmu, na ji tana tumɓuke albasar da ta shuka a komin bayan madafa, wanda ta yi shekara shida tana tara ƙasa a cikinsa. Ta dawo da kwandon a ka.

"Yaya, kawo in karɓa miki," in ji wani.

"Kada wanda ya taɓa kwandon nan," ta ce.

Sau goma sha ɗaya ta yi sawu. Ina baza jar ƙasarmu a kan baƙar tasa har dutsen ya ɓace. Kafin ta gama rabin mutanen sun watse. Mai unguwa ya tsaya har ƙarshe, sannan ya yi mana sannu da aiki ya tafi.

Bayan girbi aka fita aikin ƙasa kamar kullum. Ɗaya daga cikin mutanen gefen gabas ya fito kallo, har ya miƙa hannu zai kama wa wani tsoho. Na ji an ce masa, "Haba, Alhaji! Zauna a inuwa." Ina kusa. Kwando yana kaina, na wuce.

An kulle ɗakin Baƙo, ba magaji. Da damina ta sauka na riƙa zagayawa ina duba katangar, ina toshe inda ruwa yake ɓulla. Wata safiya na tarar da matata a can ta riga ni. Wata ciyawa ce ta huda jar ƙasar ta fito, doguwa, mai siririn ganye, irin wadda ake gani a bakin kogi. Ban taɓa ganin irinta a kan dutsen nan ba.

"Ka san sunanta?" ta ce.

"A'a."

Ta sunkuya ta tsince ƙananan duwatsun da ke gindinta, ta watsar. Iska tana tasowa daga kwari, ciyawar tana kwantawa tana miƙewa.