Tabar Surukin Mai Shayi

A shekarar da kwanon masara ya fi ƙarfin talaka aka kawo dokar hana shan taba tashar wani ƙauye a gefen Makoda, sai ka ce yunwa ba ta ishi mutane ba. Ɗan Iya, shugaban tasha, ya bi masu tebur ɗaya bayan ɗaya ya ja musu kunne cewa duk wanda duba-gari ya tarar ana busa hayaƙi a bencinsa, ya kwashe komatsansa, za a ba wani gurbin.

Basiru mai shayi bai ɗauki abin da zafi ba. Direbobi da 'yan acaɓa magana ɗaya ya yi musu, suka koma bayan katanga suna gunaguni. Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, Baba Nababa, mahaifin matarsa Safiyatu. Duk ranar kasuwa tsohon zai tako daga ƙauyensu, ya zauna a ƙarshen benci, ya zaro kara ɗaya daga cikin hula ya kunna. Ba ya shan shayi, ba ya taɓa burodi, wai babba ba ya kai loma a gaban surukinsa. Taba kuwa ko a jikinsa.

To wa ya isa ya dubi surukinsa ya ce masa kashe tabar nan? Basiru ko sunansa ba ya faɗa, gaisuwa ma a tsugune yake yi, ido a ƙasa. Sai ya koma dabara. Ya liƙa takarda mai hoton taba da jan layi, tsohon ya zo ya jingina da ita. Ya ɗauke bencin, tsohon ya jawo jarkar ruwa ya zauna. Ya roƙi Safiyatu ta yi magana, ta ce yaushe aka haife ta da za ta yi wa mahaifinta faɗa. Ya tura abokinsa Sabo mai faci, shi kuma ya je ya yi ta zagaye-zagaye a kan tsadar taki har ya manta abin da ya kai shi. Takaici ya ishi Basiru. Teburin nan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa, ga shi kara ɗaya na neman cinye shi.

Ranar da duba-gari ya zo, Baba Nababa ya ajiye tabar a bakin tebur ke nan yana amsa gaisuwa, hayaƙi na tashi a hankali.

"Wannan ta wane ne?" in ji duba-gari.

Kowa a tasha ya san mai ita. Basiru, wanda bai taɓa zuƙar taba ba a rayuwarsa, ya miƙa hannu ya ɗauka.

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

Kafin la'asar teburinsa ya koma bakin titi, inda babu inuwa kuma mota ba ta tsayawa. Ya isa gida yana huci, ya sauke wa Safiyatu kwandon faɗa, har da cewa mutum da furfurarsa ya rasa inda zai sha taba duk faɗin kasuwa. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce:

"Malam, da cikin wofi yake fitowa. Kokon safe jikoki yake bar wa. Tabar ce ke danne masa yunwa, wurinka kuma yake zama don kada a ce ba shi da kowa a kasuwa."

Haushin Basiru bai tafi ba, sai dai yanzu da kansa yake jin haushin. Wata nawa tsohon yana zaune dab da burodi, shi kuma yana lissafin hayaƙi.

Da kasuwa ta zagayo ya haɗa shayi mai kauri, ya ƙulle burodi a leda, ya shirya da Sabo ya kai wa tsohon a wani lungu inda ba mai gani. Hantsi ya yi, azahar ta yi, tsohon bai zo ba, shayi ya huce. Can sai ga Sabo da saƙo, wai Baba ya ce wanda ya jawo aka tashi surukinsa daga wurin neman abinci ba shi da idon sake zama a bencinsa.

Basiru ya dubi ƙarshen bencin da ba kowa.

"Yanzu kuma," ya ce, "da nan bakin titi babu dokar taba."