Fulawar Jikin Katanga

Tsakar gidan Goggo ba ta da wani faɗi, amma babu lungun da ba ta cusa fulawa ba. Tsofaffin gwangwanayen fenti, fasasshen baho, tayar mota da aka raba biyu, duk ta cika su da ƙasa ta jera daga ƙofar kicin har bakin famfo. Da damina ta yi ta yankan rassa tana dasawa, da sanyi ta kwashi gwangwanayen zuwa inda rana take faɗowa, da bazara kuma ta ja su inuwa. Duk abin da hannunta ya taɓa sai ya yi fure, in ban da guda ɗaya.

Wata fulawa ce mai ƙaya, mai hawa katanga, kusa da ƙofar gida. Yayarta ce ta yanko mata reshen da hannunta, ta ce ta dasa ta manta da shi. Ba a jima ba yayar ta rasu, aka sayar da gidanta aka rushe. A can gidan yayar, a da ko katangar ba a gani don jan furenta. A nan kuwa shekara da shekaru sai ganye, kore shar, ko ƙwayar fure babu. Kuma ba don rashin kula ba. Ita ake fara ba ruwa da safe, ita ake ƙarawa da yamma, taki mai kyau nata ne. Goggo ta san yayarta da son jiki, shi ya sa ta ɗauki maganar mantawar nan a bakin wasa.

Da babban ɗanta ya sayi mota, sai ya ce ƙofar ta yi ƙanƙanta, a fasa katangar a faɗaɗa, ƙayar nan ma ta ishi kowa da yagar riga. Goggo ta ce sai dai a fasa da ita a jiki. Maigidanta, tsohon direba wanda ba ya son dogon zance, ya raba gardama: a bar fulawar zuwa saukar ruwan fari, in ba ta yi fure ba a sare. Goggo ta yarda, amma ranta ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya rage mata na yayarta ke nan.

Daga ranar ta ninka ruwan. Fulawar ta ƙara ganye.

Ana tsakiyar rani aka yi wa Goggo aiki a gwiwa, 'yarta ta ɗauke ta zuwa gidanta jinya. Kafin ta tafi sai da ta zaunar da tsohon direba ta yi masa karatu: na gwangwani ta raba wa maƙwabta, aikinsa ɗaya ne tak, ta jikin katanga: bokiti da safe, bokiti da yamma. Ya ce an gama. Duk ranar da ta kira shi a waya kuwa, yanzun nan ya ajiye bokitin.

Jinyar ta ja fiye da yadda aka zata. Hadari ya fara haɗuwa ranar da aka dawo da ita, kuma tun daga bakin layi ta hango ja a kan katangarsu. Ta ɗauka wani ne ya shanya zane. Da suka matso sai ta ga fure ne, ya rufe katangar, ya zubo har waje, ganyen ma sai an duba. Ɗan nata ya tsayar da motar a bakin titi, don ya san zancen ƙofa ya mutu.

Tsohon direba ya fito yana gyara riga, yana karɓar yabo daga maƙwabta kamar shi ya ƙera furen. Goggo ta dogara sandarta ta isa gindin fulawar, ta tura yatsa cikin ƙasa. Ƙasar ta bushe ƙamas, har ta tsattsage. Ta waiga bakin famfo, ga bokitin a kife inda ta bar shi, gizo-gizo ya yi saƙa a hannunsa.

Ta daɗe a tsaye. Ta yi murna, amma abin ya yi mata ciwo, don duk shekarun nan ashe ita ce take hana ta fure da yawan ruwa. Yayarta ta faɗa mata gaskiya tun ranar farko, ita ce ba ta ji ba, kuma yanzu babu wadda za ta koma ta ce wa ta gane.

Washegari da safe ƙafarta ta kai ta bakin famfo kafin ta yi tunani. Ta cika bokitin, ta tsaya tana kallon katangar. Tsohon direba ya taso da sauri, da alamar mara gaskiya.

"Kawo in zuba miki, ki huta da gwiwar nan."

Goggo ta dube shi, ta dubi furen, sannan ta juye ruwan a fasasshen baho.

"Bar ta," in ji ta. "Kai dai ci gaba da ba ta yadda ka saba."