Zauren da Na Kama wa Baba a Saman Bene

A ofishinmu in an ce taro, to ni ake nufi. Shekara tara ina sakatariya, ba a taɓa zuwa taron da na shirya aka rasa kujera ko lasifika ta shaƙe ba. A gida ma ƙannena Kwamanda suke ce mini a bayan idona, ni kuwa ko a jikina, har daɗi nake ji. Shi ya sa har yau in na tuna abin da na yi wa mahaifina sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Babanmu kafinta ne. Shekara hamsin ya yi yana riƙe da zarto da guduma, ya yaye mutum ya fi sittin, wasunsu yanzu shagonsu ya ninka nasa. Mutum ne mai kafiya. Bai taɓa yarda wani ya ɗaukar masa katako yana kallo ba, kuma yaransa ba su san shi a zaune ba, ko shayi a tsaye yake sha. Da ya ajiye aiki, sai babban cikin waɗanda ya yaye, wanda kowa ke kira Dogo, ya buga mini waya ya ce suna so su haɗa taro su karrama shi. Wai sun yi zama biyu, ba abin da suka tsayar sai gardama.

"Ku bar mini," na ce masa. "Ku dai naku ku zo da wankakkun kaya."

A ranar na sayi sabon littafi. Na tsayar da rana, na ƙirga mutum ɗari da hamsin, na ƙara kujera ashirin saboda masu zuwa ba gayyata. Kowane aiki na rubuta sunan mutum ɗaya tak a gabansa, don in abu ya lalace in san wuyan wanda zan shaƙe. Na zaga zaure biyar kafin in samu wanda ya kwanta mini, a saman bene, ƙasansa shagon magani ne da na masu buga takardu. Taga hagu da dama, iska na kaɗawa, ƙarar motoci ba ta isowa. Fankoki na kunna su ɗaya bayan ɗaya. Na sa aka tayar da janareta a gabana, na leƙa banɗaki, na ɗanɗana abincin mai girki kafin in ba ta aiki. Sau uku na je wurin nan, kuma duk zuwan da na yi, waya na manne a kunnena nake hawa benen.

Na kuma ce ba wanda zai ga zauren sai ranar taro, wai ni mai ba da mamaki. Adireshi kawai na sa a katin gayyata.

Abin da ban faɗa ba shi ne, a lokacin wata huɗu rabona da gidanmu, alhali tafiyar minti arba'in ce a mota. Kullum sai in ce sati mai zuwa. Waya dai muna yi. In na ce yaya jiki, Baba ya ce, "Lafiya lau, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Wata rana ya ce, "Uwata, daga ƙofar zauren nan zuwa inda zan zauna, taku nawa ne?" Na yi dariya na ce kafinta dai ba ya rabuwa da awo. Da na koma na auna masa: taku talatin da biyu.

Autarmu, wadda take aure a unguwar su Baba kuma kullum tana leƙa su, ita ma ta kira ni ana saura sati biyu.

"Yaya, akwai maganar da nake so mu yi game da Baba."

"Ɗinkinsa ne? Tela bai gama ba?"

"Ya gama, amma..."

"To in ba ta taro ba ce, ajiye ta sai an watse. Kaina ya yi zafi, Auta."

Na kashe wayar.

Ranar taro tun ƙarfe bakwai na safe ina wurin. Komai ya zauna daram. Kujeru a jere, ruwa da lemo sun yi sanyi, hoton Baba babba a bango, mai gabatarwa riƙe da takardar da na rubuta masa minti-minti. Goma da rabi zaure ya cika da kafintoci, kowa ya ci kwalliya, har na kasa gane wasu ba ƙurar katako a gashinsu. A takardata, ƙarfe sha ɗaya Baba zai shigo, kowa ya miƙe tsaye. Dogo na tura ya ɗauko shi da Inna da Auta.

Sha ɗaya saura biyar Auta ta kira. "Yaya, sauko." Na ce su hawo mana, me ake jira? Ta ce, "Ki sauko dai," da wata irin murya da ta sa na bar abin da nake yi.

Na tarar da mota a ƙofar shagon magani, Dogo ya buɗe ƙofar gaba ya tsaya gefe yana kallon ƙasa. Baba ya fito da ƙafar dama. Sannan ya sa hannu biyu ya kamo ta hagun a gwiwa ya fito da ita, kamar yadda ake ɗaga buhu. Inna ta miƙa masa sanda. Sanda, a hannun Baba! Ya miƙe a hankali, sabuwar rigar tana yawo a jikinsa saboda rama. Da ya gan ni sai ya yi murmushi, gefen bakinsa ɗaya bai bi ba.

Auta ta jawo ni gefe.

"Hawan jini ne ya taɓa shi wata uku da suka wuce," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kwana biyu muka yi a asibiti. Ya ce duk wanda ya gaya miki bai yafe ba, wai aiki ya yi miki yawa. Yaransa ma ya hana su sani, Dogo yau ya gani. Na kira ki zan karya maganarsa, kika kashe mini waya."

"Auta, don Allah..."

"Bari in gama. Tun da kika ce masa taku talatin da biyu, kullum safe da yamma sai ya taka daga ɗaki zuwa ƙofar gida, Inna tana ƙirga masa. Da farko goma yake yi ya jiƙe da gumi. Shekaranjiya ya cika talatin da biyu ba sanda. Ya ce da ƙafarsa zai shiga gaban yaransa. Me ya hana ki ce bene ne, Yaya?"

Ban ɓoye ba, wallahi. Ban dai gan shi ba ne. Na ga fanka, na ga banɗaki, amma benen da na hau sau uku ban taɓa kallonsa ba sai a lokacin. Matakala ashirin da shida, siriri, da kwana a tsakiya.

Baba ya taka har gindin benen. Ya ɗaga kai ya dube shi tun daga ƙasa har sama, irin kallon da yake yi wa katako kafin ya yanka. Ya miƙa wa Inna sandar, ya kama ƙarfen gefe. Ya hau ɗaya. Ya ja ƙafar hagun. Ya hau biyu. A ta uku ƙafar ta ƙi tashi, ya tsaya yana haki.

"Maigida, bari in goya ka," in ji Dogo. "Minti ɗaya ne."

"Kul," Baba ya ce. "Ni ka gani abin goyo? Ban mutu ba tukuna."

Daga sama muna jin mai gabatarwa yana cewa a miƙe tsaye, wanda ake karramawa ya iso, don haka na rubuta masa kuma ya bi. Muka ji ƙarar kujeru, mutum ɗari da hamsin sun tashi suna jira.

Ni da nake da mafita ga komai, na shiga surutu kamar zararriya. Na ce a sauko da kujeru bakin titi. Ina za a sa su, tsakanin kwata da motoci? Na ce a roƙi mai shagon magani. Shagon da mutum biyar ba sa juyawa a ciki. Na ce to a ɗage taron, zan hau in gaya musu laifina ne, in ba su haƙuri. Ina faɗar haka hawaye suka zubo mini a gaban masu wucewa.

Baba ya juyo ya dube ni daga kan matakalar.

"Wata nawa kika yi kina wannan aikin, Uwata?"

"Biyu, Baba. Ka yafe mini. Mu koma gida, ba komai, ni zan yi musu bayani."

"Ki hau ki tsaya gaban mutane ki ce kin kasa?" Ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Dogo, je ka kawo kujera. Ta katako, ba ta roba ba. Ka zo da mutum uku masu ƙarfi."

Inna ta juya baya ta rufe fuska da mayafi.

Haka aka hau da shi. Mutum huɗu da ya koya wa riƙe guduma, kowa ya kama ƙafar kujera ɗaya, suna ta "a hankali, a hankali" a wajen kwanar. Ina biye da su a baya riƙe da takalminsa ɗaya da ya zame daga ƙafar hagun. Ina ganin hannuwansa sun damƙe gefen kujerar, jijiyoyi sun tashi, kansa a sunkuye. Da aka kai sama ya ce a sauke shi zai taka, amma matakala ukun nan sun cinye ƙarfinsa, ya yunƙura sau biyu ya kasa. Sai suka wuce da shi a ɗauke har teburi. Ko taku ɗaya bai yi a zauren ba.

Zaure ya kaure da tafi da sowa. Sun ɗauka cikin shiri ne. Wata mata ta dafa ni ta ce, "Kai, wannan shigowa ta burge! Wa ya kawo dabarar, ke ce ko?" Na kasa ko ɗaga kai, na durƙusa ƙarƙashin teburi na sa masa takalminsa.

Sauran komai ya tafi yadda na tsara. Jawabi bai wuce lokaci ba, abinci ya isa har ya yi saura, wuta ba ta ɗauke ba. Ni dai ina lungu ina fatan a watse.

Da aka zo ƙarshe aka miƙa wa Baba makirufo. A zaune ya yi magana, a hankali, yana jan wasu kalmomin. Ya gode wa yaransa, ya tsokani Dogo da teburin farko da ya haɗa wanda ƙafafunsa ba su daidaita ba, aka yi dariya. Sannan ya ce, "Duk abin da kuka gani yau aikin babbar 'yata ne. Ita kaɗai ta yi, kuma ba abin da ta manta. Uwata, ina kike? Tashi su gan ki."

Kowa ya waiwayo. Auta tana kallona, Inna tana kallona, Dogo ya kawar da kai. Ba yadda zan yi, na miƙe tsaye, suka yi ta tafa mini.