Tambayar da Fatawu Bai Yi wa Surukinsa Ba

Tun makon farko Malam Hanif ya gaya wa ɗalibansa akwai tambayar da ba a tsallakewa. Namiji ya dafe ƙirji yana zufa, kafin ka fesa masa naitiro, maganin ciwon zuciya, a ƙarƙashin harshe, tambaye shi ko ya sha ƙwayar ƙarfin maza jiya ko yau. In ya sha kuma ka fesa, magungunan biyu su taru su saki jijiyoyi, jini ya faɗi warwas. Aji ya kwashe da dariya. Hanif, ɗan Sudan da ya yi furfura a cikin motar asibiti, ko murmushi bai yi ba.

Fatawu ya haddace wannan tsaf. Ɗan Zangon Kumasi ne, ya daɗe yana tuƙa motar asibiti a Doha kafin a ɗauke shi koyon aikin agajin gaggawa. Abin da ya rage masa kawai Hanif ya sa hannu, a ba shi rigar cikakken ma'aikaci.

Ran wata Asabar da hantsi aka kira su unguwar Mu'aither, wai dattijo ne da ciwon ƙirji. Fatawu na ganin ƙofar gidan ya gane shi. Gidan Alhaji Dramani ne, mahaifin matarsa Nusrat, mutumin da bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Bai gaya wa Hanif ba.

Alhaji na jingine a kujera, zufa ta jiƙe masa singileti. Matarsa Hajiya Ajaratu, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Kumasi ba, tana yi masa fifita da kwali. Ciwo ya kwashe ɗan Turancin da Alhaji ke ji, don haka Fatawu ya zama tafinta. Ya auna jini, ya ba shi asfirin ya tauna, ya tambayi inda ciwon ke tafiya. Komai daidai.

"Yalla, maza, saura tambayar ƙarshen," in ji Hanif.

Fatawu ya dubi Hajiya, ya dubi darduma.

"Baba, akwai wani magani da kuke sha?"

"Na hawan jini kawai," Hajiya ta amsa. "Ni ke ba shi da hannuna."

Fatawu ya juya wajen malaminsa. "Ya ce a'a."

Aka fesa. Ba a jima ba idon Alhaji ya juye, ya sulale daga kujera. Hanif ya tare shi, ya shimfiɗe shi a ƙasa, ya jibga matasai ƙarƙashin ƙafafunsa, ya nemi jijiya ya saƙala ƙarin ruwa. Hajiya sai salati take. Da Alhaji ya fara motsi, Hanif ya kafe ɗalibinsa da ido.

"Me ka tambaye shi?"

Hanif bai jira amsa ba.

"Tambaye shi yanzu, ka kira abin da sunansa. Likita zai nema."

"Mma," Fatawu ya ce da Hajiya, "don Allah ku ɗauko mana katin asibitinsa a ɗaki."

Ta fita. Ashe abin ma da sauƙi haka, wannan ne ya fi cin ransa. Ya durƙusa dab da kunnen surukinsa ya yi tambayar, kalma bayan kalma, kamar yadda aka koya musu. Alhaji ya juya fuska bango.

"Jiya. Guda ɗaya. Wani abokina ya ba ni." Ya rage murya. "Yaro, kada uwarka ta ji."

Alhaji ya tsira, aka kwantar da shi a asibiti. A wajen ajiye motoci, rana na dukan kwalta, Hanif ya tsayar da Fatawu.

"Ba zan sa hannu ba. Za ka koma ajin magunguna tare da sababbi."

"Malam, surukina ne. A wajenmu ba a..."

"Da ka faɗa mini tun a ƙofa, da na nemo wani tafintan ta waya. Kunyarka ba ta dame ni ba. Ce mini ka yi ya ce a'a, na yarda da bakinka na ba mutum magani. Khalas, shi ke nan."

Ya shige mota ya bar shi tsaye. Sai ga wayar Nusrat.

"Maigida, Mma ta ce kai ka ceci Baba! Sai albarka take sa maka, har ta kira mutanen Kumasi ta gaya musu."

Fatawu ya share zufa da hannun riga. "Allah ne ya cece shi."

"To, likita bokan Turai, yaushe za a ba ka rigar? Na ce da Mma za mu yi waina ranar."

"An ɗage."

"An ɗage kuma? Saboda me?"

Bayanin na bakinsa, amma ba nasa ne shi kaɗai ba, rabi na Alhaji ne.

"A tambaya guda na faɗi," ya ce.

"Guda ɗaya tak? Wannan malamin naku ba shi da imani!"

"Yana da shi," in ji Fatawu. Hanif ya danna ham, Fatawu ya kashe wayar ya nufi mota.