Hannun Aro

"Ogiwara-san, ƙafar hagu na ce a ɗaga, ba ta dama ba," in ji malama.

"Ta hagun ce ta ƙi, Sensei. Tun da safe muke rigima da ita."

Aji ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa, irin ta tsofaffin da ke tsaye a ƙafa ɗaya suna tsoron kada dariyar ta kayar da su. Setsu Kuramochi ba ta yi ba. Ta kafa ido a kan wani tabo na jikin bango kamar yadda aka koya musu, tana tangaɗi, tana jin haushin maƙwabcin nan nata. Tsayuwar bishiya ake kiran wannan motsi, amma Ogiwara, tsohon direban jirgin ƙasa da bakinsa bai san ritaya ba, kullum sai ya mai da ita wasan yara.

Ɗakin yogar yana saman wani shagon wankin kaya da ya daɗe da rufewa, a ƙarshen layin kasuwar da rufaffun shagunansa suka fi buɗaɗɗu yawa. Malama Rie, wadda suke kira Sensei, wadda kuma ba ta wuce sa'ar 'ya'yansu ba, ita ke koyar da ajin safe na tsofaffi. Tana son ta riƙa saƙa musu 'yan bayanai tsakanin miƙa da lanƙwasa. Ranar nan ta ce kalmar yoga tun asali haɗawa take nufi, kamar yadda ake haɗa shanu biyu a garma guda.

"To ni saniyar ɗaya ta mutu, Sensei," in ji Ogiwara. "Da wa za a haɗa ni?"

"Da numfashinka. Kowa ya kwanta."

Kwanciyar ƙarshe ke nan. Mutum ya miƙe rigingine, ya buɗe tafin hannu, ya rufe ido, kada ya yi komai. Sunanta na gaskiya kwanciyar gawa, amma Rie ba ta faɗar haka a ajin da ƙaramin cikinsu ya haye saba'in. Hutu take ce mata.

A bakin ƙofa akwai kwando cike da 'yan faya-fayan katako, kowanne bai fi murfin kwalba ba, gefe ɗaya da zanen fure, ɗayan fili. Kowa na ɗaukar ɗaya ya ajiye a gefen shimfiɗarsa. Wanda ya bar furen yana kallon sama, ya yarda malama ta taɓa shi lokacin hutu. Wanda ya kifa shi, a wuce shi. Ba a tambaya, ba a bayani, don a garin nan an fi jin nauyin cewa a'a da baki fiye da ɗaukar buhun shinkafa. Rie kan bi su ɗaya bayan ɗaya ba ƙarar sawu, ta durƙusa wajen kan mutum, ta murza hannuwanta har su yi ɗumi, ta ɗora a kafaɗunsa ta ɗan danna, ta jima kaɗan, sannan ta ɗauke.

Na Setsu kullum a kife yake. A gidan da ta tashi rusunawa ake yi, ba a runguma. Mijinta ma, tsawon zamansu har ya rasu, a titi gaba yake yi tana binsa a baya, kuma ba ta taɓa ganin laifin hakan ba. Na Ogiwara kuwa furensa a sama, har matsar da shi yake yi kusa da hanya don kada a yi kuskure.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu, don haka tare suke komawa ko tana so ko ba ta so. Wata rana cikin kaka, suna tafe kowa da shimfiɗarsa a hammata, sai ya ce, "Kuramochi-san, kin san abin da ke kai ni wurin nan?"

"Surutu."

"Hannun Sensei."

Ta ja ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba abin da kike tunani ba ne, na tsufa da wannan. Tun da matata Yae ta rasu ba wanda ya taɓa ni. Da can akwai mai aski, to ga kan nan, me zai aske? Likita da safar roba yake latsa ni, kamar mai zaɓen kifi a kasuwa. Ɗana kuwa in ya zo daga Osaka daga bakin ƙofa yake rusuna min, ka ce neman aiki ya zo." Ya gyara riƙon shimfiɗarsa. "Duk wahalar nan ta tsayuwa a ƙafa ɗaya, don ɗan lokacin nan nake shan ta."

"Ka cika zance, Ogiwara-san," ta ce, ta yi gaba abinta. Amma da ta shiga gida ta zauna cin abinci ita kaɗai da talabijin, sai ta tsinci kanta tana neman ranar ƙarshe da wani ya taɓa ta. Ta yi ta baya, ta yi ta baya, har shayinta ya huce ba ta samo ba.

Da sanyi ya fara shigowa, Rie ta tafi Indiya ƙaro karatu, ba za ta dawo ba sai bazara. Wani saurayi ya riƙe mata ajin. Yaro mai ladabi, ya san aikinsa, jikinsa kamar ba ƙashi. Ranar farko ya ɗauke kwandon ya sa a kabad, ya rusuna ya ce shi ba ya taɓa ɗalibai, kada kowa ya damu. Tsofaffi da dama suka ji daɗi. Ogiwara ya kwanta hutunsa shiru, bai yi ba'a ko ɗaya ba. Ya sake zuwa sau ɗaya, daga nan ba a ƙara ganinsa ba.

Setsu ta ɗauka fushi yake yi. Sai da ta fara ganin keken wata ma'aikaciyar jinya a jingine a ƙofarsa kowace safiya, sannan ta gane ba fushi ba ne. Ta dama kunun shinkafa da ƙwai, ta rufe, ta zagaya gidansa.

"A buɗe take," ya ce daga ciki.

Ta same shi kwance a katifa a tsakiyar tabarmar ɗaki. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa girma. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta tura kwanon gaba.

"Hanta ce," ya ce, kamar mai ba da labarin jinkirin jirgi. "Tun bara na sani. Likita ya ce in zaɓa, gadon asibiti ko katifata. Na ce katifata ta fi sanin bayana."

"Ɗanka fa?"

"Zai zo. Aiki ya riƙe shi. Yana da kirki, kada ki ga laifinsa, ni na koya masa fifita aiki."

A nan idonta ya sauka kan abin da ke gefen matashinsa. Ɗan faifan katako, furensa a sama.

"Sato shi na yi," in ji Ogiwara. "Kada ki kai ƙarata."

Ta sha jinin jikinta. Ta ce, "Sensei ai sai bazara."

"Na sani. Ni kuma ba zan kai bazara ba." Ya mai da ido kan rufin ɗaki. "Ban roƙi kowa komai ba fa, Kuramochi-san. Ajiyewa kawai na yi. Ai haka dokar take, a ajiye a yi shiru."

Kunya ta rufe ta tun daga wuya har kunne. Ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa tabarma, ta ce kunun zai huce, ya daure ya sha. Ta fita da sauri har ta sa takalmi ɗaya a karkace.

Haushinsa ta ji da farko. Mutum bai tashi ɗora maka kaya ba sai da ya kwanta inda ba za ka iya ce masa ya ɗauke ba. Ita wace ce? Ba matarsa ba, ba 'yarsa ba, ba malama ba. Tsohuwa ce da suka haɗa katanga, kuma unguwar nan ko labule ka ɗaga sai an ji. Bayan haushin sai tsoro, don ta san gaskiyar ba maganar mutane ba ce. Ba ta san yadda ake yi ba ne. Ta dubi hannuwanta, busassu, masu faso, sanyi ƙalau ko da rani. Wata rana da hantsi har ta ajiye matashi a ƙasa ta durƙusa, ta ɗora masa hannu tana gwadawa. Ta hango kanta a gilashin kabad, tsohuwa na lallashin matashi, ta tashi ta wurgar da shi.

Ba ta daina kai kunu ba. Takan tsaya a bakin ɗaki ta gaishe shi, su yi zancen sanyi da na sabon malami, ta ɗauki kwanon jiya kusan yadda ta kawo shi. Faifan na nan inda yake. Bai ƙara ambatonsa ba, ita ma ba ta ƙara kallon wajen ba, sai dai duk inda ta juya ido tana ganinsa.

Wata rana bayan azahar ma'aikaciyar jinya ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta ce ta kira ɗan Ogiwara, ya kamo hanya amma sai dare zai iso, ita kuma akwai wani mara lafiya da ke jiranta a hayin kogi. Ko Kuramochi-san za ta ɗan zauna da shi?

"Ogiwara-san zai kai dare kuwa?" in ji Setsu.

Matar ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar jakarta.

Ɗakin ya yi ɗumi da hitar kananzir, ga buta a kai tana huci a hankali. Ogiwara na kwance rigingine, ido rufe, numfashinsa na ja yana tsayawa. Setsu ta zauna a wurin da ta saba, nesa da katifa, hannu a cinya. Sai ta ji tausayinsa ya taso mata, ya haɗu da tausayin kanta, har ta kasa bambance su. Ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara, ta zagaya wajen kansa ta durƙusa.

Ta murza hannuwa yadda Rie ke yi. Suka ƙi ɗumi. Ta miƙa su kusa da jikin butar ta riƙe har suka fara zafi, ta dawo da sauri kada su huce, ta ɗora a kafaɗunsa. Ƙashi ta ji zalla ƙarƙashin rigar barci.

Gashin idonsa ya motsa. "Sensei?"

"Hannun aro ne. Ka yi haƙuri da shi."

Gefen bakinsa ya ɗan ja. "Rawa yake yi."

"To in ɗauke?"

"A'a."

"Sai ka yi shiru, mai baki kawai."

Ta ɗan danna, yadda ta sha ji ana yi wa na kusa da ita alhali idonta na rufe. Kafaɗun da suka ɗage suka sauka ƙarƙashin tafinta a hankali. Ba ta shirya magana ba, amma kalmomin Rie da ta yi shekaru tana ji suka zo da kansu, ta faɗe su da muryarta mai kaushi.

"Saki ƙafafunka. Saki cikinka. Saki yatsu. Saki haƙoran nan da ka datse. Ba abin da za ka riƙe yanzu, ƙasa ce ke riƙe da kai."

"Kin iya," ya ce, da ƙyar ake ji. "Ci gaba."

Ta ƙare ta sake farawa daga ƙafa. Ta kuma sakewa. Bayanta ya ƙage, ƙafafunta suka mutu da zama, ba ta gyara ba. Numfashinsa na ɗaga hannunta yana saukewa, sai ta ga nata ma ya bi sawunsa, in ya tsaya ta tsaya, in ya ja ta ja. Tsayawar ta riƙa yin tsawo. Ta daina magana, don ba sauran abin da za a ce ya saki.

Hasken taga ya koma ja. Can sai lasifikar unguwa ta saki ɗan kiɗan nan na yamma da ke kiran yara su koma gida, aka ji ƙararrawar kekuna da gudun ƙananan ƙafafu a layi, wata uwa na kiran sunan ɗanta. Setsu ta riƙe numfashi tana jiran ya ja nasa. Ta jira har ƙirjinta ya yi zafi, dole ta shaƙa ita kaɗai. Rai ya yi halinsa.

Rie ta san lokacin da ake ɗauke hannu. Ita ba wanda ya koya mata wannan. Ta bar su inda suke, hawaye na gangarowa zuwa haɓarta ba hannun da za ta share da shi. Kiɗan ya ƙare, layi ya yi tsit, butar na ta hucinta. Har duhu ya fara cika ɗakin tana nan durƙushe, kuma ƙarƙashin tafukanta biyu kafaɗunsa na da sauran ɗumi, daidai faɗin hannunta.