Nas Mai Latsa Waya

Daƙiƙa arba'in ne kacal. A cikin bidiyon ana hango wata nas ta bayan gilashi, tsaye gaban kwalbar da ake kwantar da bakwaini, kanta a sunkuye, yatsanta yana kai-kawo a kan waya. Na'ura tana ta ƙara. Muryar wani namiji tana rawa: "Ku gani fa, jama'a! Ɗana rai a hannun Allah, ita tana hira."

Sista ta kalli ƙeyarta a wayar Sakataren asibiti har bidiyon ya ƙare. Shekara goma sha tara tana aiki a ɗakin jarirai, yau mutum dubu arba'in sun santa, kuma da ƙeya suka santa. Da safe yayanta ya kira, ko gaisuwa babu, ya ce, "Ke ce?"

Sakatare ya turo mata takarda. "Abu ne mai sauƙi. Ki sa hannu cewa kin yi sakaci, kin nemi afuwa. Mu fitar, ƙura ta lafa."

"Wane sakacin, Yallaɓai?"

"Sista, kar mu ja magana."

"A'a, mu ja ta. Awon maganin yaron nake dubawa, kuma ka fi kowa sani."

Ya sani kuwa. Shi da ƙafarsa ya zo ɗakin wata shida da suka wuce, aka kwashe littattafan magunguna a kwali. Ya ce sun tsufa, an sauya awon wasu magunguna bayan buga su. Gaskiya ya faɗa, ita ma ta gaji da gyara da biro a gefen shafi. Aka yi alkawarin kwamfuta, aka ce kafin ta iso kowa ya sauke manhajar awon magunguna a wayarsa. Har yau abin da ya iso shi ne ramin da aka huda a bango. A da, in nas ta buɗe littafi mai kaurin bulo, iyaye gyaɗa kai suke yi suna sa mata albarka. Aikin bai canza ba, sai dai yanzu ta koma mai latse-latse.

"Ka fito ka gaya wa mutane kai ka sa mu," in ji ta.

"Asibiti ba ya musayar yawu da 'yan intanet."

"Amma yana iya miƙa musu ni."

Ya gyara zaman tabarau. "Kuma daga yau an hana shiga ɗakin jarirai da waya."

Sista ta yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba. "Littafi babu, waya babu. Da me zan auna? Da ido, kamar mai zuba gishiri?"

"Ku yi amfani da ƙwarewarku."

"Ƙwarewar ce ta koya mini ba a ba bakwaini magani da ka."

Ya ce tana da zuwa ƙarfe huɗu, in ba ta sa hannu ba za a dakatar da ita. Ta bar masa takardarsa a kan tebur ta fita, ranta yana tafasa.

A abin da ba shi da amfani asibitin nan akwai hanzari. Kafin ta iso har an liƙa sanarwa a ƙofar ɗakin, an ajiye kwandon roba, wayoyin abokan aikinta uku suna ciki. Ta shiga ta duba katunan jarirai. Ƙarfe sha biyu saura kaɗan, lokacin allurar mai kwalba ta huɗu ya kusa, ɗan mai bidiyon ke nan. An auna shi da safe, ya ƙara giram sittin, dole a sake lissafi. Ta ɗauki katinsa, ta fito ta zaro wayarta daga kwando.

Benci ɗaya ne a barandar, kuma uban yaron yana kai. Bai kai girman muryarsa ba, rigarsa ta kwana uku a jikinsa. Tun daga ofis take tanadin maganganun da za ta zazzaga masa, da ta gan shi sai suka ɓace mata, abin ya ƙara ba ta haushi.

"Matsa, Malam."

Ya matsa, ya kau da kai. Ta zauna, ta buɗe manhajar, ta jira sabis ya gama jan ƙafa, sannan ta danƙa masa wayar.

"Ka iya karatu? Layi na uku. Ɗanka kilo ɗaya da giram ɗari huɗu ne. Karanta mini da ƙarfi, ina rubutawa."

Ya dube ta, ya dubi wayar. "Huɗu da rabi... ga kowane kilo."

"Sake."

Ya sake. Ta yi lissafi a jikin katin, ta maimaita shi daga farko.

"In na ɗara, ƙodarsa ce za ta ji a jika. In na rage, ciwon ya ci gaba da cinsa. Duka maganin bai cika kan cokali ba."

Ya ɗago kai daga wayar. "Wannan kike dubawa ranar?"

"Wannan."

"To, ƙarar na'urar fa?"

"Zaren na'urar da ke ƙafarsa ne ya zame. Da ka tambaya, da na faɗa maka."

Can ya laluba aljihu ya ciro tasa wayar. "Wallahi Sista, yanzu zan goge. Ki yafe mini."

Ta karɓe wayarta, ta jefa cikin kwando.

"Goge naka. Na sauran jama'a kuma ka bi su gida-gida."

"Zan yi wani, in faɗi gaskiya."

"Yi mana. In mutum goma sun kalla, ka zo ka ba ni labari." Ta tura ƙofar da kafaɗa. "Ka yi masa addu'a. Ni zuwa ƙarfe huɗu nake nan."