Rufin Aro

Mai walda ya kasa zama wuri guda tun safe. Ya kunna inji, ya kashe, ya fito ƙofar shago ya dubi sama, ya koma ciki.

Ɗakunan haya huɗu yake ginawa a bayan gari da bashin banki, kuma takardar gidan da suke ciki ya bayar jingina. Bankin ba ya ba da kuɗi lokaci ɗaya. Sai sun ga tushe su saki kashi guda, su ga bango su saki wani, su ga rufi sannan na ƙarshe ya fito. To, siminti ya yi tsada ya cinye rabin kuɗin kwano. Ɗakuna biyu sun rufu, biyu katako ne tsirara. Ga shi jibi ma'aikaciyar banki za ta zo dubawa. In ba ta sa hannu ba gini ya tsaya, kuɗin ruwa kuwa ba sa tsayawa, har su cinye gidan.

Kafintansa ne ya kawo dabara.

"Maigida, kwano ai kwano ne. Mu cire na ɗakinku da falo mu ɗora can. In kuɗi sun fito ka sayi sabo."

"Matata fa?"

"Ka ce mata za ta sha iska."

Ya same ta tana wanki. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Ta matse riga, ta dube shi.

"Baban yara, wato 'yan hayar da ba ka ma san fuskarsu ba su ne da inuwa, ni da na haifa maka uku in zauna a fili?"

"Kwana biyu ne kacal."

"Haka ka ce ranar da ka ɗauki keken ɗinkina."

Duk da haka, ta ajiye wankin ta fara jan katifa zuwa ɗakin yara.

Ranar dubawa hadari ya haɗo daga gabas. Ma'aikaciyar ta makara. Mai walda ya zagaya ginin ya fi sau goma, ido ɗaya a hanya, ɗaya a sama. Da ta iso ta leƙa ɗakuna biyun farko, ta yi rubutu. A na uku ta tsaya. Haske yana zubowa ta tsofaffin hujin ƙusa, ɗigo-ɗigo a ƙasa.

"Malam, wannan kwanon ai bazawara ne. Daga wane gida ya fito?"

Kafinta ya buɗe baki, mai walda ya riga shi. Bai iya ƙarya ba, ya faɗi komai.

"Tsaya," ta ce. "Gidan da ka jinginar mana, shi ka yaye wa rufi?"

Wallahi bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Shi dai gidansa ya sani. Kafinta ya sulale waje, wai zai duba tsani.

Ta jima tana buga biro a kan takarda.

"Matarka ta yarda?"

"Ta yi faɗa, Hajiya. Amma ita ta kwashe kayan."

"Ta fi ka ƙoƙari." Ta ja numfashi. "Takarda rufi ta ce, ba ta ce sabo ba. Gobe kuɗi za su shiga. Ranar Litinin zan biyo ta gidanku. In na ga sama daga tsakiyar falo, abin da na gani zan rubuta."

Tana sa hannu ruwa ya fara buga kwano. Ko godiyar kirki bai yi ba, ya haye babur.

Ya tarar da matarsa a falo, ta jiƙe sharkaf, tana ja wa kujera leda.

"Sun saki?"

"Gobe. Naki za a fara rufewa."

"Allah ya kai mu," ta ce, ta miƙo masa bakin ledar. "Kama can, mai gidajen haya."